Uwar Saitin Maman Bitrus

Ke Zulai, sauke farantin nan daga cinyarki kafin hawan jinina ya tashi. Da hannu biyu, don Allah, ba da yatsa biyu kamar kin tsinci ƙosai ba. Yawwa. Ku kuma sauran ku kife wayoyin nan. Na ji abin da kuke faɗa ɗazu a tsakar gida, kunnena bai mutu ba. Wai sana'ar Iya Hanne ai ba sana'a ba ce: a shiga ɗakin tsohuwa, a sayi tsohon tangaran kamar kyauta, a wanke, a ɗau hoto, masu kuɗi su yi ta rububi. To madalla. Tunda kun ƙware tun kafin ku fara, ku zauna in ba ku ɗan ragowar da kuka manta.

Aikina na farko a wajen Baba Danjuma wanke-wanke ne. Shi tsohon kukun Turawa ne a kwatas ɗin masaƙa, nan Kakuri. Da Turawan suka tattara suka tafi, sai suka bar masa tarkacen kicin, ya kafa rumfa a bayan kasuwa yana sayarwa. Ni lokacin dillancin zannuwa nake yi gida-gida, shi kuwa namiji ne, iyakarsa zaure, shi ya sa ya neme ni. Na ɗauka ranar zai aike ni saye. Ina! Sai ya turo min baho da toka da tsumma. Damina guda na yi ina wanke kofuna da faranti, yana zaune a benci yana zazzaga min faɗa da Turancin kuku. Ranar da na ɗauki soson ƙarfe, ihun da ya yi sai da masu nama suka leƙo. Ya ce ruwan zinaren da ke bakin faranti in ya goge, ko Sarauniyar Ingila ba ta isa ta dawo da shi ba.

Kayan aikin gaba ɗaya ba su cika jakar hannu ba. Na farko farcenki ne. Ki ɗora faranti a kan yatsu uku, ki ƙwanƙwasa bakinsa. Mai lafiya zai ce "tiiin" ya ja, mai tsaga zai ce "tak" ya yi shiru, ko da idonki bai ga komai ba. Sai rana: ki ɗaga shi sama, in na ainihi ne za ki ga inuwar yatsunki ta bayansa. Daga nan ki kife shi. Masu saye fuska suke kallo, mu gindi muke dubawa, don a nan hatimin masu ƙira yake, a nan kuma za ki ga jan farce. Matan zumunta na coci suna ara wa juna kwanuka in ana biki ko jana'iza, to don kada a rikice, kowacce takan sa alamarta a gindi da jan farce. Wata ɗigo biyu, wata gicciye, wata harafin sunan mijinta. Sai tsofaffin jaridu na naɗewa. Jawabin shugabanni iri-iri ya bi ta hannuna, na soja da na farar hula, kuma ban ga inda suka yi amfani kamar a jikin kofi ba.

Akwai wata butar shayi da na gani a gidan wani tsohon ma'aikacin reluwe, an ajiye ta a taga ana zuba ƙusoshi a ciki. Da na ba Baba Danjuma labarin zanenta, sai da ya miƙe tsaye. Ya ce, "Hanne, abin da kike so, shi za ki kalla a ƙarshe. In mai kaya ya ga idonki a kai, nan take zai tuna kakarsa ce ta bar masa." Haka na yi ta zarya gidan nan, na sayi cokula masu tsatsa, na sayi tire mai lanƙwasa, na yabi jikoki marasa kunya, ban ko waiwayi taga ba. Ranar da na ga lokaci ya yi, na ce, "Af, Mama, wai ina 'yar butar nan ta ƙusoshi?" Ta ce, "Wannan? Ai da na ga ko ke ba ki kula ta ba, sai na ba yara suna wasan girki, jiya suka fasa ta." Na koma na gaya wa Baba. Ya ce laifina ne, na yi haƙuri da yawa.

Kasuwarmu ba ta buɗe sosai ba sai da soja suka koma bariki. Kafin nan masu sayenmu 'yan kaɗan ne: matar da 'yar aiki ta fasa mata kofi ɗaya take neman irinsa kafin miji ya lura, sai wani Bature nan da can. Da farar hula suka hau, sai ga sababbin manya kamar an zazzage su daga buhu. Mutumin da jiya yake sayar da mai a galan a hanyar Rido, yau ana ce masa Onarabul. Ya gina gida, ya sayi kujeru, amma komai na gidan sabo ne fil, har yana warin leda, kuma wannan shi ke damun matarsa. So take baƙi su shigo su ga shogilas cike da tangaran na da, su ce lallai gidan nan an daɗe ana cin abinci da cokali mai yatsu. Wata ta ja ni gefe ta ce in an tambaye ni in ce saitin na kakarta ne. Na san kakar tata, Allah ya jiƙanta, a akushi ta ci tuwo har ta koma ga Mahaliccinta. Na ce, "Hajiya, ai har kamanni kuke yi da saitin."

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da gari ya tsage biyu. Ba sai na ba ku labari ba, kun ji a bakin iyayenku: namu Musulmi suka kwashe suka haye kogi, Kiristocin can suka kwaso suka dawo nan, mu 'yan tsiraru muka maƙale a Kakuri don ba mu da inda za mu. Baba Danjuma bai ga wannan ba, Allah ya rufa masa asiri ya riga ya rasu. Bayan ƙura ta lafa, samari suka riƙa kawo min tangaran a buhu, wai na gidansu ne. In kife in ga ɗigo biyu, in ga gicciye, alamun matan da na sha ruwa a ɗakunansu. Ban saya ba, ban kuma yi musu wa'azi ba, ina son raina. Wanda ya shiga wuta kuwa ko an wanke shi fes, in kin ƙwanƙwasa "tak" zai ce. Kafin mu farfaɗo, masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga kula da roba sun cika kasuwa. Kowa mai sayarwa ne. Sai na koma bin matan 'yan siyasa har Abuja, ina rungume da kwali a mota kamar mai jinya.

A irin wannan lokaci ne Maman Bitrus ta aiko a kira ni. Mutanen Pankshin ne, na san su tun suna Barnawa, amma a lokacin sun koma ɗaki biyu a Mahuta, haya ta fi ƙarfinsu. Mijinta, Baban Bitrus, masaƙarsu ta rufe, ya gaji da zaryar neman haƙƙinsa, ya ce gida zai koma ya kama fartanya. Ya tayar da gini a ƙauye, bango ya kai, rufi babu, ga damina tafe. Abin da ya rage musu mai daraja shi ne abin da ke cikin shogilas.

Da ta buɗe, sai da na nemi wuri na zauna. Saitin da muke kira mai zangarniya ne, fari mai shuɗin baki, da wani zane kamar kan dawa. Masaƙa ce ta ba Baban Bitrus kyautar daɗewa a aiki, tun zamanin da masaƙa take da kunya. An daina yin irinsa tuntuni. Ni a rayuwata ɗaiɗai nake ganinsa, kofi a nan, faranti a can, amma ga shi na mutum goma sha biyu, jere, ba wanda ya taɓa cin abinci a ciki sai fasto da surukai. Na bi su da farce ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa. Abu ɗaya ne babu: babban kwanon nan mai murfi da kunnuwa biyu, wanda ake sawa a tsakiyar tebur. Mu uwar saiti muke ce masa.

Na ce, "Maman Bitrus, ina uwar?"

Ta ce, "Ta tafi unguwa."

"Unguwa? Tun yaushe?"

"An ɗan jima," in ji ta, ta kama goge kofin da ba shi da datti.

Ina da mai saye a hannu, matar wani ɗan majalisa, Madam muke ce mata kawai. Ta zo Mahuta da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci da mayafi, amma da ta ga saitin sai ta manta da hancin. Abin da ta taya zai rufe ginin nan na ƙauye har a sa ƙofofi. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Iya, ni ba na sayen abu rabi. Ko ya cika, ko ku bar shi. Ba zan sa kula a tsakiyar tebur ba manyan mutane suna zaune."

Na ɗauka kwanon fashewa ya yi matar take jin nauyin faɗa a gaban miji, don haka na bazama neman irinsa. Na je kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, na je wajen 'yan gwanjo a Jos. A Zariya na samu ɗaya a gidan wata tsohuwar nas, kyakkyawa, sai sheƙi yake. Na ɗora farce, ya ce "tak". Na sake, ko kunnena ne, ya sake cewa "tak". Na dawo Mahuta ƙafafuna a kumbure, na tarar sun fara ɗaure kaya, an riga an yi ciniki da mai babbar mota.

Maman Bitrus ta ba ni ruwa, ta dubi ƙafafuna, ta ce, "Iya, ki daina wahalar da kanki. Nawa bai fashe ba. Yana wajen Hajiya Balaraba."

Ku 'yan yanzu da kuke aika wa mutum abinci a robar yarwa ba za ku gane ba, bari in yi muku dalla-dalla. A da, in kin aika wa maƙwabciya abinci, kwanon da kika zuba shi ne matsayinta a wajenki. Kuma kwano ba ya komawa gidansu fanko. Ko zai yi wata a wajenki, sai kin samu abin da ya dace kin zuba, sannan ya koma. Hajiya Balaraba ita ce maƙwabciyarsu a Barnawa, katanga ɗaya. Kirsimetin farko bayan an koma farar hula a cikin azumi ya faɗo. Alhajin Hajiya ne ya yanka musu kaji, kamar yadda aka saba, don kowa ya ci. Maman Bitrus ta jira har rana ta kusa faɗuwa, ta ciro uwar saiti daga shogilas, wadda ko fasto ba kullum yake ganinta ba, ta cika ta da shinkafa da kaza ta aika a sha ruwa da ita. Washegari Hajiya ta leƙo ta katanga ta ce, "Kwanon nan naki ya fi ƙarfin tuwon Ƙaramar Sallah. Zai zauna a wajena sai Babbar Sallah, da naman layya zai dawo." Babbar Sallah ba ta zo ba gari ya rikice. Motar soja ce ta kwashe su Hajiya ta haye da su.

Na ce, "To duk shekarun nan, me ya hana ki neme ta?"

Ta ce, "In je in ce mata me? Na zo karɓar kwanona? Matar da aka ƙone wa gida ina ji ina gani ta taga?"

Gaskiya ta faɗa. Amma ni 'yar kasuwa ce. Na ce, "In na samo shi, an gama ciniki?"

Ta ce, "Ki samo shi tukuna."

Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin e.

Neman mutum a hayin kogi lokacin ba wasa ba ne, kowa ya watse, wasu Tudun Wada, wasu Kawo, wasu sun bar garin. Amma mace tana iya canja gida, ba ta cika canja mai kitso ba. Na nemo wadda take yi wa matan Barnawa kitso a da, na zauna ta yi min shuku ban da niyya, ta ja min gashi har hawaye, kafin ta gama na san lungun da Hajiya take a Rigasa. Ana gobe motar su Maman Bitrus za ta yi lodi na isa gidan.

Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, Alhaji ya rasu, tana zaune da 'ya'yanta maza. Ina shiga na hango kwanon a saman sif, an ɗaure shi da ɗankwali, kunne ɗaya ya leƙo. Nan na tuna karatun Baba Danjuma. Na gaishe ta, na yi mata gaisuwar Alhaji, na yabi labule, na yabi tabarma, na kawo zancen tsadar atamfa.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Iya Hanne, tun da kika shigo kike kallon ko'ina ban da saman sif. Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Maman Bitrus."

Ta dafe ƙirji. "Tana raye? Yaran fa? Baban Bitrus fa?"

Na ce duk suna nan lafiya, gobe ma za su yi lodi su koma garinsu. Don in gajarta magana na ce ko za ta sallama min kwanon, in ba ta abin da ya samu, kowa ya huta.

Kallon da ta yi min, ko ɓarauniya ba a yi wa irinsa. "Kwanon mutane zan sayar miki? Ranar da muka fito na bar keken ɗinkina na ɗauko wannan, don keken nawa ne, wannan kuwa amana ce." Ta sa aka sauko da shi, ta kwance ɗankwalin, ta ɗaga murfi. Wallahi sai da na ce innalillahi. Soyayyen naman layya ne a ciki, yana kwance cikin mai, a tangaran ɗin da ni ko ruwan zafi ba na yarda ya taɓa. Ta ce kowace Sallah sai ta ware kason Maman Bitrus ta zuba a nan, ya zauna har ta ga zai lalace, sannan ta bayar sadaka ta wanke kwanon. Shekarar farko ta roƙi wani direba ya leƙa mata Barnawa, ya tarar da baƙin fuska a gidan su Maman Bitrus, suka ce ba su san kowa ba. Ita kuma 'ya'yanta sun ce in tana so baƙin ciki ya kashe su, to ta gwada haye gadar nan.

Na ce, "To alhamdulillahi, ga nama a ciki, ba fanko ba ne. Kawo in tafi."

Ta ce, "Nama tsurarsa, bayan shekarun nan? Kina so ta ce na talauce? Ki dawo da safe, sai na yi waina."

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na ce direban Madam zai zo da kwalaye. Ta ce Madam ɗin ta ci gidansu.

Da safe na dawo na zauna a rumfa ina kallon tanda, raina yana tafasa fiye da man. Ba ta yi sauri ba ko kaɗan. Wadda ta ɗan ƙone ta ware, wadda ba ta tashi ba ta ware. Ta jera waina da zafinta a kan naman, ina jin kwanon yana ɗaukar zafi ina salati a zuci. Ta rufe, ta ɗaure da sabon ɗankwali, miyar taushe ta zuba a wata samira daban. Tunda nake ban taɓa ɗaukar tangaran ba jarida ba sai ranar. Na shiga bas na ɗora shi a cinya, yana ƙona ni, kwandasta yana cewa in matsa, na kusa da ni yana cewa, "Mama, wannan ƙamshi ai zalunci ne." Kowane rami direba ya faɗa sai na ji kamar a haƙorina. A bakin gada ɗan sanda ya leƙo ya ce me ke ciki. Na ce waina. Ya ce a buɗe. Na ce, "Ɗana, in ka taɓa murfin nan, ni da kai sai a gaban alƙali." Ya ga fuskata, ya ce mu wuce.

Na isa Mahuta rana ta take, an loda rabin kaya a mota, direban Madam yana jingine da tasa motar yana duba agogo. Maman Bitrus tana hango ɗankwalin ta tsaya cak. Ta karɓa, ta zauna a kan turmi, ta kwance, ta ɗaga murfi. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki tsoka ɗaya ta sa a baki, sai hawaye, tana tauna tana kuka tana cewa, "Yajin nan nata ne. Har yanzu ba ta iya rage citta ba." Ni ma na ji tausayi ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma idona yana kan kunnuwan kwanon. Ta kira mijinta, ta kira masu lodi, ta kira Malam direban babbar mota, har direban Madam sai da ya ci waina uku ya daina duba agogo.

Da aka cinye, ita da kanta ta wanke shi da toka. Ta kife, ga alamarta nan ta jan farce, ta ɗan koɗe. Ta miƙo min, na ƙwanƙwasa. "Tiiin." Sautin ya ja har sai da masu lodi suka waiwayo. Na shimfiɗa tabarma na jera saitin gaba ɗaya, uwar a tsakiya. Ku saurara da kyau: a duk shekarun da na yi a sana'ar nan, ranar kaɗai na ga mai zangarniya ya cika. Daɗi ya kama ni har na ce ina ma Baba Danjuma yana nan. Na jawo jarida na fara naɗe kofuna.

Sai na ji Maman Bitrus tana cewa masu lodi, "Ku sauko min da tukunyar nan da murhu. Da buhun shinkafa." Suka yi ƙorafi, don tukunyar tana can ƙasan katifa, ta ce su sauko da katifar. Ta kamo kazar da ta rage, wadda aka ɗaure za a tafi da ita, ta kai wa Malam direba ta ce, "Malam, taimaka ka yanka min." Na ce a raina, kai, matar nan akwai karamci, har da abincin sallama za ta yi mana. Na ci gaba da naɗe-naɗena, na bar uwar a ƙarshe don ita ce mai cin jarida.

La'asar ta yi, abinci ya nuna. Ina miƙa hannu in ɗauki kwanon, sai ta riga ni. Ta ajiye shi a gaban tukunya ta fara zuba shinkafa.

Na ce, "Maman Bitrus, me kike yi haka?"

Ta ce, "Kirsimeti."

"Wane irin Kirsimeti ana shirin shuka? Ke, kwanonki ne fa! Ya je, ya dawo, magana ta ƙare!"

Ta ce, "Shi ne abin da ba na so, Iya. Ta ƙare."

Na ce to ga samirar da aka kawo miya, a zuba a ciki mana, ai ita ma sai an mayar. Ta ce samira za ta koma da gyaɗa, wannan daban. Na ce ga kula sabuwa, ni zan saya da kuɗina. Ta dube ni ta ce, "Matar da ta bar keken ɗinkinta ta ɗauki kwanona, ita zan aika wa abinci a roba?"

Na juya wajen mijin, don na san maza da son rufi. Na ce, "Baban Bitrus, ka yi magana! Ginin nan fa a buɗe yake, ruwa ya kusa sauka."

Yana zaune a kan akwati yana sakace haƙori. Ya dubi matarsa, ya dubi kwanon, ya ce, "Iya, ni a ɗakin ciyawa aka haife ni. Ciyawa ba ta ƙare a garinmu ba."

Direban Madam ya kira ta a waya, muna jin muryarta daga inda muke, tana cewa talakawa ba su san ciniki ba. Ya kwashe kwalayensa fanko ya tafi. Kofunan da na naɗe da hannuna, da jaridata, aka ɗora su a babbar mota a tsakanin katifa da buhun masara. Ladana na ranar waina ce da tsoka biyu. Haushi ya cika ni har wuya, na ce ba inda za ni, ta nemi wani ɗan aiken. Maman Bitrus ta ɗaure kwanon da ɗankwalinta na zumunta, ta ɗora min a hannu, da zafinsa.

Haka na sake haye gadar nan, cinyar da ta ƙone da safe ita ta sake ƙonewa da yamma. Ɗan sandan nan yana nan, ya leƙo ya gan ni, ya ga ƙullin, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Ana kiran magariba na shiga gidan Hajiya Balaraba. Ta ga abin da ke hannuna, ta ce, "Ba ki same su ba?" Na ce na same su, na dire mata a gaba, ban ko zauna ba. Ta kwance, ta buɗe, tururi ya bugi fuskarta. Ta ce, "Wa ya yanka?" Na ce Malam direba. Ta gyaɗa kai, ta mayar da murfin a hankali, ta goge ido da bakin zane.

"Kin ga matar nan ko? Ta sake ɗaure ni. Wane gari kika ce za su koma?"

Na ce, "Wani ƙauye ne a bayan Pankshin."

"Dole sai an haye gada?"

Na ce a'a, akwai motocin da ke bi ta Saminaka, ba ruwansu da kogi.

Ta dubi ƙofa, inda takalman 'ya'yanta suke jere. Can ta ce, "A'a. Ta gadar za mu bi, ina so in ga Barnawa ko ta taga ce. In Allah ya kai mu Babbar Sallah, ki zo washegarin layya da sassafe. Ke za ki riƙe kwanon, ni hannuna rawa yake yi."

Na buɗe baki in gaya mata ni 'yar kasuwa ce, ba 'yar aike ba, sai na ji kaina ina cewa, "To Hajiya, amma wannan karon ki bari naman ya huce."